Lulu Ba Ta Jin Hon

Duk Juma'ar da muka haɗu cin shinkafa a unguwar Najma sai ɗayanku ya tsokane ni, wai Baba Sabi'u ba aiki yake yi ba, wasa da karnuka yake yi ana biyansa. Makon jiya ma Nasiru cewa ya yi in nema masa gurbi, ya gaji da tsayuwar gadi a ƙofar kanti, ƙafafunsa sun fara kumbura. Ban ba shi amsa ba saboda bakina a cike yake. Ga amsar nan yanzu. In kun gama karantawa, mai so ya zo in kai shi wurin manaja da kaina.

Ni ma ba karnuka na zo yi Doha ba. Ejan ɗin da ya yi mini hanya cewa ya yi aikin gona ne, kula da dabbobi. Ni kuwa a Malumfashi na tashi cikin awaki da tumaki, na ce ai gida zan koma. Motar da ta ɗauko ni daga filin jirgi ta wuce gari, ta wuce gine-gine, ta shiga fili fetal babu ko bishiya. Tun kafin a buɗe get na fara jin haushi ta ko'ina. Na tambayi direba ina tumakin suke. Ya yi dariya har da buga sitiyari. Ashe gida ne na ajiye karnukan da aka tsinta a titi da waɗanda masu su suka yasar, a yi musu magani, a ciyar da su, har a samu wanda zai ɗauka ya riƙe. Na daɗe a tsaye da jakata ina ƙoƙarin gane dalilin da zai sa mutum ya gina wa kare ɗaki har da fanka. Gaskiya har yau ban gama ganewa ba.

Aikin farko da aka ba ni wankin ɗaki ne. Wani tsoho ɗan Sirilanka, Oga Nimal, wanda ya fi kowa daɗewa a gidan, ya miƙo mini dogon takalmin roba, da safar hannu, da tiyo, da burushi mai dogon mariƙi. Ya buɗe ƙofar ƙarfe ya ce in shiga. A ciki wani baƙin kare ne, kansa kamar tukunyar miya, yana kallona ina kallonsa. Na saki ruwa a fuskarsa don ya matsa. Oga Nimal ya fizge tiyon, ya jawo ni waje da wuyan riga, ya zauna a kan bokiti ya fara karanta mini dokoki da Turancinsa mai gudu. Ba a tunkarar kare gaba da gaba, gefenka za ka ba shi. Ba a zura masa ido. Ba a gudu, ko da ƙafa ta ce a gudu. Ba a buɗe ƙofa ta biyu sai an rufe ta farko. Kafin ka kalli haƙoransa ka kalli wutsiya da kunnuwa, su ke fara magana. Wannan darasin na ƙarshe sai da wando biyu suka yage kafin ya zauna mini.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ranarsa. Akwai igiya mai zarge da ake jefa wa kare a wuya ba tare da an sunkuya ba. Akwai takunkumi na wanda za a yi wa allura. Akwai sandar kamu mai waya a baki, ita ba a ɗauko ta sai abin ya ɓaci. Da zafi kuwa, babban kayan aikinka bayan hannunka ne: ka ɗora shi a kan siminti, in ka kasa jurewa to ƙafar kare ma ba za ta jure ba, ba fita yawo ke nan sai bayan asuba ko da almuru. Ruwan tanki da rana ya isa dafa ƙwai, don haka da yamma ake tarar na gobe a baho a ajiye a inuwa. Mutum ya manta da wannan rana ɗaya, zai ga abin da ba zai so gani ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a farko ba cizo ba ne, salla ce. Na tambayi wani malami a masallacin Najma, ya ce yawun kare najasa ne, in nemi wani aikin. Na tambayi wani, ya ce a karatun da muka tashi da shi ba najasa ba ne, abin da ya sha ruwa a ciki ake wankewa. Na uku ya ce ciyar da mai rai lada ne, in ci gaba. Na fito da fatawa uku da kai ɗaya. Sai na yi wa kaina tsari: kayan aiki daban, kayan salla daban a cikin leda, kuma fatar hannuna ba za ta taɓa jikin kare ba. Na mai da muryata ta zama hannuna. Ina da "kai!" ta raba faɗa, da "kai!" ta tsawatarwa, da fito na kiran abinci, da gyaran murya da nake yi a bakin kowane ɗaki kafin in shiga, kamar yadda mutum ba ya faɗa wa gidan mutane babu sallama. A hankali karnukan gidan suka iya Hausa. Baƙo zai zo ya yi ta Turanci kare na kallonsa, ni in ce "zauna" ƙasa-ƙasa, sai ka ga ya zauna. Shekaru na yi a haka, kuma ina jin kaina, ba zan ɓoye muku ba.

Masu zuwa ɗaukar kare kala-kala ne. Akwai masu zuwa da yara, a zaɓi ɗan kwikwiyo, in ya girma ya fara cin kujera a dawo mana da shi. Akwai mai gona da ke neman wanda ya fi kowa mugunta, mu kuma ba ma ba shi. Akwai waɗanda kaɗaici ya kawo, su za ka ga sun zauna a ƙasa suna yi wa kare hira kamar ɗan uwansu ne da ya dawo daga tafiya. Ba a miƙa wa kowa kare ya tafi ke nan. Sai an je an ga gidan, sannan a ba shi na gwaji, in an zauna lafiya ya zama nasa. Ɗakunan gaba su ne na waɗanda ake nuna wa baƙi. Can baya, kusa da tankin ruwa, akwai wani layi na waɗanda aka dawo da su har sau uku, ko suka cika cizo. Su ba a kashe su, amma ba a ƙara nuna su ga kowa. Ci, sha, wanka, a rufe. A nan suke tsufa, ni nake kai musu abinci, kuma ba na son layin nan.

Shekarar korona ita ce shekararmu mai wuya. Kamfanoni suka rage ma'aikata, mutane suka yi ta komawa ƙasashensu, ba mai ta kare. Kullum da safe sai mun tarar da wani a ɗaure a get, wani har da bargonsa da kwanon cin abincinsa. Masu zuwa taimaka mana kyauta aka hana su fitowa. Buhunan abinci suka yi ƙasa, muka koma dafa shinkafa da ƙafar kaji a tukunyar biki. Ɗakin kare ɗaya ya koma na uku, faɗa ba dare ba rana, muryata ta dushe har Oga Nimal yana haɗa mini citta da zuma. A cikin wannan hargitsi muka tsinci wata farar karya a ɗaure a jikin get, ba babba ba, idonta ɗaya ruwan toka. Manajarmu, wata Baturiya mai faɗa da tausayi a haɗe, ta sa mata suna Lulu.

Lulu ce ta fara kunyata ni. In kira ta, ko waiwaye. In yi fiton abinci, kowa ya taso, ita tana kwance sai ta ga ana gudu sannan ta bi. Na gwada Hausa, na gwada Turanci, na gwada 'yar Larabcin da na tsinta, har "yalla" na yi mata. Na ce wannan taurin kai ne, wanda ya yasar da ita ya san abin da ya gani. Da abubuwa suka lafa wasu mata da miji suka ɗauke ta, ba a jima ba suka dawo da ita, wai ba ta jin magana. Wasu suka sake ɗauka, yaronsu ya faɗa mata tana barci, ta zabura ta yage masa hannun riga. Suka dawo da ita a ranar. Saura sau ɗaya ke nan ta koma layin baya.

Wata rana da azahar babban bahon ƙarfe ya suɓuce wa Oga Nimal ya faɗi a kan siminti. Gidan gaba ɗaya ya kaure da haushi, ni kaina sai da na dafe ƙirji. Oga Nimal bai ɗauki bahon ba. Ya tsaya yana kallon ɗakin Lulu, ya yafito ni. Tana kwance, ƙafafu a miƙe, barcinta take yi. Ya zagaya bayanta ya tafa hannu da ƙarfi, ko kunne ba ta motsa ba. Ya buga ƙafa a ƙasa, sai ta ɗago. Likitan dabbobi ya zo ya tabbatar: kurma ce, wataƙila tun haihuwa. Duk ihun da na yi mata, duk gyaran muryar da nake yi a ƙofarta kafin in shiga, ashe ni kaɗai nake jin kayana.

Manaja ta ce a koya mata magana da hannu, kuma ni zan koya, tunda ni ne mai ɗakinta. Na ce ni da murya nake aiki. Ta ce to yanzu ga wadda ba ta da inda za ta sa muryar. Haka na koma ɗan koyo da furfurata. Hannu a ƙirji, zo. Yatsa ƙasa, zauna. Alamar tsaya kuwa tafin hannu ne a buɗe, yatsu a ware, saitin fuskarta. Kun san sunan wannan a gida. Na ce wa Oga Nimal ko wanda ya ci mini amana ban taɓa yi wa daƙuwa ba, balle baiwar Allahn da ba ta yi mini komai ba, don haka ni da yatsu a haɗe nake yi, ta kuma gane. Amma duk alamun nan sai tana kallonka suke aiki. In ta juya baya, ko tana barci, dole ka buga ƙafa a ƙasa ta ji girgiza, ko ka bari ta shaƙi hannunka, sannan ka taɓa kafaɗarta a hankali, kullum a wuri ɗaya. Safar roba kuwa tsoronta take ji, wataƙila warin maganin wanki ne. Ranar da na cire safa na ɗora hannuna a kafaɗarta, jikinta da ɗumi kamar na ɗan akuya, ta ɗago ta kalle ni ta kaɗa wutsiya. Na je na wanke hannu har sai da ya yi fari, na dawo na sake taɓa ta. Kada ku tambaye ni wace fatawa na bi, ni ma ban sani ba.

Wadda ta zo ta ce Lulu take so wata malamar makaranta ce 'yar Labanan, Madam Salwa, mai zama ita kaɗai a gidan da mahaifinta ya bari a unguwar Old Airport. An faɗa mata komai: kurma ce, an dawo da ita sau biyu, wannan ne karo na ƙarshe. Ta ce ta ji, ita take so. Na kasa haƙuri na tambaye ta amfanin karen da ba ya jin ɓarawo. Ta ce ita ba ɓarawo take jira ba. Ban gane ba.

Ni na kai Lulu gidan. Gida ne mai tsakar gida da intalok, da bishiyar lemun tsami, da wata tsohuwar jif a ƙarƙashin rumfa. Na yi wa Madam bayani dalla-dalla, ta kwaikwayi kowace alama. Ina cikin yi sai na ji an ce daga bayana, "Ikon Allah. Yanzu kare ake yi wa karatu?" Na juya na ga dattijo da hula zanna, ya maƙale a jikin bango kamar an kawo zaki. Malam Isiya ke nan, mutumin Gusau, direban gidan tun zamanin mahaifin Madam. Muka gaisa, muka tambayi mutanen gida, sannan ya jawo ni gefe.

"Malam Sabi'u, ni fa na faɗa mata. Zan kai ta makaranta, zan yi cefane, zan wanke mota. Amma ba na taɓa kare."

"Ba wanda ya ce ka taɓa ta, Malam Isiya. Abu ɗaya dai za ka riƙe: ba ta ji. Ko kaɗan."

"Allah sarki. Kurma ce?"

"Kurma ce."

"To, Allah ya ba ta lafiya. Na riƙe."

Ya kuwa riƙe, don ba mutumin banza ba ne. Amma kai ke riƙe magana, hannu kuma abin da ya saba yake yi. Duk direban da ya koyi mota a gida kun san shi: kafin ya yi baya sai ya danna hon, akuya ta tashi, kaza ta watse, yaro ya kauce. Ba tunani ake yi ba, kamar bismilla ce kafin loma. Malam Isiya ya fi shekara talatin yana haka, kuma bai taɓa taka ko ƙadangare ba.

Ranar wata Juma'a ce cikin sanyi, gwajin bai ƙare ba. Ina gidan karnuka ina zagayawa da baƙi sai wayata ta yi ƙara. Malam Isiya ne. Madam ta fita da ƙawarta, ta bar masa mota ya je masallaci. Ya yi wanka, ya sa farar shadda, ya shiga, ya danna hon yadda ya saba, har ya leƙa ta taga ya ce "a kauce." Lulu kuwa tana kwance can baya kusa da get tana shan hantsi, inda madubi ba ya kaiwa. Sai da ya ji motar ta hau wani abu.

"Tana da rai?"

"Tana da rai. Ta ja jiki ta shige ƙarƙashin motar. Ƙafar baya ce, Malam Sabi'u, ƙafar ta juya. Ka zo."

Daga inda nake zuwa Old Airport tafiya ce mai nisa, motar gidanmu kuma ta fita. Na ce masa kafin in iso jini zai iya ƙarar da ita, shi ne zai fito da ita ya kai ta asibitin dabbobi, zan kira likita ya jira shi. Sai na ji ya ajiye wayar a ƙasa, na kuma ji muryarsa daga nesa yana cewa, "Sannu. Sannu, yi haƙuri. Fito mana. Wallahi ban gan ki ba. Zo, zo nan." Dattijo yana lallashin kurma da murya mai taushi, ni ina wannan gefen ina ihu a waya cewa ba ta ji, shi ma ba ya ji na. Baƙin da nake tare da su suka zuba mini ido. Ban taɓa jin na rasa abin yi kamar lokacin ba.

Da ya ɗauki wayar na ce, "Malam Isiya, bakinka ba shi da amfani yau. Ka zagaya ta gabanta inda za ta gan ka. Ka kwanta a ƙasa."

"In kwanta? Da shaddar?"

"Da ita. Ka miƙa mata bayan hannunka ta shaƙa. Sannan ka taɓa kafaɗarta ta dama. In ta yarda, ka nemo bargo ka jawo ta a kai."

"Za ta cije ni?"

Na so in ce a'a. Na ce, "Wataƙila."

Ya ce, "Innalillahi." Wayar ta mutu.

Na samu tasi da ƙyar. A asibitin na tarar da shi zaune a kan benci, gaban shaddar nan ya koma ja da baƙi, ya naɗe hannun dama da hularsa. Ya yi duk yadda na ce. Ta shaƙi hannun, ta bari ya taɓa kafaɗar. Da ya zo ɗaga ta ne ƙafar ta motsa, ta kafa masa haƙora a tsakanin babban yatsa da manuni. Bai sake ta ba, haka ya kai ta mota. Juma'a ta wuce mu duka, muka yi azahar a bayan asibitin, sannan na raka shi aka ɗinke hannun aka yi masa allura. A hanya sai ya ce: "Na danna hon fa, Malam Sabi'u." Na ce na sani.

Cizo a lokacin gwaji ba a ɓoye shi, na faɗa wa manaja a ranar. Ƙa'idar gidanmu ita ce a dawo da kare, sai in mutanen gida duka sun ce a bar shi, musamman wanda aka ciza. Ranar da za a sallami Lulu, an yi mata aiki an naɗe ƙafar, manaja ta ce in ɗauko motarmu da keji mu je. Muka tarar da tsohuwar jif a ƙofar asibitin, na faka a gefenta. Madam Salwa idanunta sun kumbura. Ta ce tana son Lulu, amma Malam Isiya ya kai ta makaranta tun tana yarinya, shi ya riƙe mahaifinta a ciwonsa na ƙarshe, ba za ta ajiye abin da zai hana shi sakewa a gidan ba. Duk abin da ya ce shi ke nan, khalas. Aka ce in yi tafinta, don Turancinsa na hanya ne da cefane.

Na faɗa masa da Hausa. Ya kalli hannunsa da ke naɗe.

"Ni za a tambaya? Ni da na taka ta?"

"Kai ta ciza."

"To ai da ni aka taka wa ƙafa da abin ya fi haka." Ya gyara tsayuwa. "In na ce a tafi da ita, wani gidan za a kai ta?"

"A'a. Ta gama zagayenta. Akwai wasu ɗakuna a baya, can za ta zauna."

"Har yaushe?"

"Har ƙarshe."

"Wa ke zuwa wurinsu?"

"Ni. Safe da yamma, in kai abinci in wanke ɗaki."

"Sauran dai suna jin motsin mutane ko? Suna jin 'yan uwansu na haushi?"

"Suna ji."

Manaja na kallona tana jiran fassara, ni kuma ban san me zan fassara ba, don ba a ce e ba, ba a ce a'a ba. Ma'aikacin asibitin ya fito da Lulu a kan bargo, an sa mata wata roba a wuya kamar mazurari don kada ta lashi ɗinkin. Ya tsaya tsakanin motocin biyu yana jiran a nuna masa. Malam Isiya ya dube ni a fusace, kamar ni na jawo masa duk wannan.

"Ka faɗa musu ni har gobe ba na son kare. Ka faɗa musu da kyau, kada ka rage."

Na faɗa, ban rage ba. Madam ta sunkuyar da kai. Na juya zan buɗe keji, sai na ji ƙarar ƙofa a bayana. Malam Isiya ne ya buɗe bayan jif da hannun hagu, yana ture kwalin ruwa da abin sallarsa gefe don a samu wuri.

"A hankali," ya ce wa ma'aikacin. "Ƙafar ta sama. Kai Malam Sabi'u, tsayuwar me kake yi? Shiga ka riƙe ta, akwai kwanciyar 'yan sanda, tudun rage gudun nan, a layinmu."

Manaja ta karɓi makullin motarmu ta ce in bi su. Na zauna a baya, kan Lulu a cinyata, Madam a gaba tana share hawaye. Malam Isiya ya tayar da mota. Hannunsa ya tafi kan hon da kansa, na gan shi, ya tsaya a sama, ya dawo da shi. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya zagaya bayan motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, alhali wadda yake dubawa tana ciki a kan cinyata. Ya dawo ya zauna.

Muka hau babban titi yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Kun san direbobin garin nan. Nan da nan layi ya taru a bayanmu, masu walƙiya da fitila na yi, masu hon na yi, wani ya zuge gilashi yana ɗaga mana hannu yana zazzaga Larabci. Lulu ta lumshe ido abinta. Ni ne abin ya dama, na ce, "Malam Isiya, ka ɗan ƙara wuta mana, mutane na ta yi mana hon."

Bai ko kalli madubi ba.

"Ƙyale su," ya ce. "Ni da ita ba ma ji."